Hajiya na son zuwa wankan jego Manchester, kuɗin jirgi ya gagare mu

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a nan Kaduna, muna zaune a Unguwar Dosa tare da mahaifiyarmu. Ƙanwata tana aure a Manchester ta Ingila, mijinta ma'aikacin jinya ne, kuma in Allah ya yarda tsakiyar Satumba za ta haihu, haihuwar fari. Hajiya ta ce ko ana ha-maza-ha-mata sai ta je ta yi mata wanka. Lokacin da yarinyar ta tafi a 2021 tikitinta bai kai naira dubu 500 ba. Yanzu na tambaya wuri uku, babu wanda ya ce mini ƙasa da miliyan biyu, zuwa da dawowa. Ana cikin haka sai wani a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan makarantarmu ya ce yana da hanya, miliyan ɗaya da dubu 200, amma sai na tura kuɗin asusunsa cikin kwana biyu. Biza ba ta fito ba tukuna. Ina da ɗan fili a Rigachikun, har na fara tunanin sa shi a kasuwa. Surukin namu bai ce komai kan kuɗin ba, Hajiya kuma ta hana a yi masa maganar, wai abin kunya ne. Shekarunta 67, ba ta jin Turanci, ga ciwon gwiwa, kuma ban da Hajji ba ta taɓa fita ƙasar nan ba. Ina mafita?

Wani ɗan'uwa daga Unguwar Dosa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar Hajiya, ya kuma sauki ƙanwarka lafiya.

Abu biyu ba sa jira, bari in fara da su. Kada ka tura wa mutumin WhatsApp ɗin nan ko sisi. Maganar fili kuma ka ajiye ta gefe, ba a zo wurin ba.

Ban ce abokin karatunka ɓarawo ne ba, don ban san shi ba. Amma na san yadda ake wannan cutar. Ejan, wato dillalin tikitin jirgi, yana iya kama wa mutum kujera a jirgi ba tare da an biya ko kwabo ba, kamfanin ya riƙe ta na ɗan lokaci, kuma takarda ta fito da sunan fasinja da ranar tashi da lambar jirgi, har da tambarin kamfani. Wanda bai sani ba sai ya rantse tikiti ne. Wa'adi na cika sai kujerar ta koma kasuwa. Wasu kuma da katin bankin sata suke saya, mai katin yana farga a soke tikitin. Ba za ku sani ba sai ranar da aka isa Abuja da akwatuna, 'yan rakiya sun shafa fatiha sun juya, ma'aikaciya ta duba kwamfuta ta ce babu sunan Hajiya. Ka tambayi kanka ma: ribar da ejan ke samu a kan tikiti ɗaya 'yar kaɗan ce, to daga ina wani zai samo rangwamen kusan rabi alhali shi kansa mai jirgin bai sayar haka ba? Sannan me ya kawo kwana biyu, me ya kawo asusun kansa?

Tikiti na gaske yana da lambobi 13, ukun farko na kamfanin ne: 071 Ethiopian, 157 Qatar, 235 Turkish, 125 British Airways. Akwai kuma wata alama mai haruffa da lambobi shida. Duk wanda ya sayar muku, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ka sa wannan alama da sunan Hajiya na ƙarshe yadda yake a fasfo, ka ga lambobin nan 13 sun bayyana. In alamar kaɗai ka gani babu su, kujera aka kama, ba a biya ba. Ejan kuwa ka nemi wanda yake da ofis mai ƙofa da za ka iya komawa gobe, mai rajistar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ɗan ƙungiyar NANTA ta ejan-ejan ɗin tafiye-tafiye na Najeriya, wanda za ka biya a asusun kamfani ya ba ka rasit. Muna da su a Kaduna.

Su ukun da suka ce maka miliyan biyu ba zaluntarka suka yi ba. Da dala ake lissafin tikitin ƙasar waje, sannan a juya shi naira a farashin ranar. A 2021, da ƙanwarka ta tafi, dalar gwamnati tana wajen naira 410. A Yunin 2023 Babban Banki ya sakar wa naira mara, zuwa farkon 2024 dala ta haura 1,500. Ka ga tikitin dala 1,000, ko kamfani bai ƙara masa komai ba, ya tashi daga naira dubu 410 ya koma miliyan ɗaya da rabi. Nan ne kan maganar. A kan wannan aka ɗora sauran: tsadar man jirgi tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, kashi 5 cikin 100 da hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ke karɓa a kan tikiti, dala 100 ta filin jirgi a kan mai fita zuwa Turai, da harajin da ita ma Birtaniya ke karɓa a kan duk wanda ya tashi daga filayenta. Akwai kuma shekarun da kuɗin kamfanonin waje suka maƙale a Najeriya don babu dalar da za a canza musu, har suka haura dala miliyan 800 a 2023. Suka yi fushi suka rufe wa 'yan Najeriya kujerun araha, Emirates ma ya daina zuwa gaba ɗaya a ƙarshen 2022, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. An biya mafi yawan kuɗin nan, kujerun araha sun dawo, kuma da Air Peace ya fara Legas zuwa Landan ranar 30 ga Maris 2024 kowa ya ga yadda manyan suka sassauto. A Oktoban 2025 ya ƙara da Abuja. Amma kada ka zauna jiran farashin 2021, don shi kam ya tafi.

To ina arahar take? Yawancinta a cikin rana take.

Ka san yadda rago yake a Zangon Tudun Wada. Wanda ya saya tun bayan ƙaramar Sallah da wanda ya je saura kwana uku layya, ba kuɗi ɗaya suka biya ba, ko da ragunan 'yan uwa ɗaya ne. Haka jirgi. Kujerun baya duk iri ɗaya ne, abinci ɗaya, amma kamfani ya kasa su kashi-kashi a kwamfuta, kowane kashi da farashinsa. Na araha ke fara ƙarewa, sai a buɗe na gaba. Bambancinsa da rago ɗaya ne: rago kan faɗi warwas ranar jajibere in dillalai sun ga za su koma da shi, tikitin Landan kuwa sai dai ya ƙara hawa. Kuma Satumba, watan da Allah ya nufa jikan Hajiya zai zo, shi ne jajiberen wannan hanya. Daga ƙarshen Agusta ɗaliban da suka samu jami'o'in Birtaniya ke tururuwar tafiya, ga waɗanda suka zo hutu gida suna komawa kafin a buɗe makarantun yara. Da an shiga Oktoba sai kasuwar ta lafa, Nuwamba ta fi sanyi, har zuwa tsakiyar Disamba da mutanenmu na can ke cika jirage zuwa gida Kirsimeti.

A nan nake so ka zauna da kyau, don a nan mafi yawan kuɗinka yake. A dokar Birtaniya ma'aikaci yana da hutun mako biyu in matarsa ta haihu. Ke nan makonnin farko surukinku yana gida, ungozoma ma tana leƙowa a kwanakin farko, haka tsarinsu yake. Ranar da ya koma aiki, aikin jinya kuwa har da na dare, ranar ce ƙanwarka za ta tsinci kanta ita kaɗai da jariri a ɗaki, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce kin ci abinci. Lokacin da aka fi buƙatar Hajiya ke nan, kuma ya faɗo ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, daidai sanda farashi ke sauka. Ƙari a kan haka, haihuwar fari ta saba wuce ranar da asibiti ya faɗa. In Hajiya ta sauka 10 ga Satumba da tikiti mai tsada, ba mamaki ta yi mako biyu tana zaman jira.

Na san abin da za ta ce. Za ta ce ita suna take so a yi da ita, ita za ta fara yi wa jikanta wanka. Ban raina wannan ba, uwa ce. Amma ni da za a bi tawa, farkon Oktoba za ta tafi, ta kama mafi yawan arba'in, ta ƙara 'yan makonni a kai, ta juyo kafin 10 ga Disamba. Kada kai ka kai mata wannan magana. Ƙanwarka ce za ta kira ta ta ce, "Hajiya, na fi son ki zo sanda zai koma aiki, lokacin ne ba ni da kowa." Daga bakinka rowa za ta ji, daga bakin 'yarta kuwa tausayi.

Don ka gani da idonka, buɗe shafin kwatanta farashin tikiti, Google Flights ko Skyscanner, a wayarka, ka sa Abuja zuwa Manchester, ka danna kalanda. Farashin kowace rana zai fito. Matsar da tafiya kwana uku kawai kan sauya lissafi sosai, kuma Talata da Laraba sukan ɗan fi Juma'a da Lahadi sauƙi. Ka kunna wurin da zai riƙa aiko maka da saƙo in farashi ya motsa. Kallo kawai za ka yi a nan. Saye kuwa a shafin kamfanin jirgin, ko wurin ejan ɗin da na kwatanta maka. Masu cewa sai ƙarfe biyun dare tikiti ke araha, bar su da rashin barcinsu.

Sai hanya. Mutanen Kaduna ba su manta da 2017 ba, da aka rufe filin Abuja mako shida don gyaran titin jirgi, manyan kamfanonin Turai suka ƙi zuwa nan, Ethiopian ya riƙa sauka a filinmu. Yau dai lissafinka tsakanin Abuja da Kano yake. Ka duba duka biyun, don Ethiopian da EgyptAir suna tashi daga Kano, Qatar ma ya fara zuwa can a 2022, kuma wani lokacin farashin ya bambanta. Legas takan fi araha a takarda saboda yawan jirage, amma ka ɗora kuɗin jirgin cikin gida, da na kayan da suka haura kilon da aka yarje, da masauki, da ɗaukar tsohuwa mai ciwon gwiwa daga wannan tasha zuwa waccan a cunkoson Ikeja. Sau da yawa sai ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Daga Abuja British Airways na kai wa Landan kai tsaye cikin awa shida da 'yan kai, amma yawanci ya fi tsada, kuma Landan ba Manchester ba ce. Sai surukinku ya yi tuƙin kusan awa huɗu ya ɗauko ta, ko su hau jirgin ƙasa na sama da awa biyu wanda shi ma ba kyauta ba ne. Masu yada zango, Qatar ta Doha, Turkish ta Santanbul, Ethiopian ta Addis Ababa, sukan fi sauƙin kuɗi kuma suna sauka Manchester ɗin kanta. Abin da za a biya a madadin shi ne gajiya, don ta Doha tafiyar ta ninka. Ka dubi tsawon jiran da ke tsakani. Awa biyu zuwa huɗu ya yi mata daidai. Ƙasa da haka gudu ne da gwiwar da ba ta gudu, awa 14 a kan benci kuwa ba abin da za ka so wa mahaifiyarka ba ne don ragin dubu 100.

Tarko biyu ne a nan, kuma duk biyun da rigar araha suke zuwa. Na farko, jirgin da zai bi ta Paris ko Frankfurt. Najeriya na cikin ƙasashen da Tarayyar Turai ta ce sai da bizar yada zango, ko da mutum ba zai fita daga filin jirgin ba. Ana yafe wa mai bizar Amurka ko Kanada, amma tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar bizarta ta fita daga wannan jerin. Ana iya mayar da Hajiya tun daga Abuja a kan wannan. Doha da Santanbul da Addis da Alƙahira babu wannan matsala, muddin tikiti ɗaya ne kuma ba za ta fita gari ba. Na biyu shi ne wannan "tikiti ɗaya" da na ambata. Wasu shafuka kan haɗa maka jirage biyu na kamfanoni daban a farashi mai daɗi. In na farko ya yi latti, na biyu ba ruwansa, kuɗi ya tafi, kuma sai ta karɓi kayanta a tsakiyar hanya ta sake awo. Ɗan saurayi mai jakar goyo zai iya wannan kasada. Hajiya kam a'a. A tikiti ɗaya kuwa, in an makara kamfanin ne zai sa ta a jirgi na gaba.

Yanzu maganar surukinku, wadda ina jin ita ce ta fi hana ka barci, ko da ka sa ta a ƙarshen wasiƙa. Hajiya tana da gaskiya, ita ba za ta buɗe baki ta tambayi mijin 'yarta kuɗi ba, kuma kada a sa ta. Amma kunyarta ba taka ba ce. Ka tuna yadda abin yake da a nan gida ne. Haihuwar fari, gida ƙanwarka za ta taho. Wa zai kawo itacen wanka? Wa zai yi ƙauri, wa zai kawo hatsin kunu da ragon suna? Miji. Babu wanda ya taɓa kiran wannan roƙo. To tunda shi ya kai ta inda ba za ta iya tahowa gida ba, tikitin mai wanka shi ne itacen wannan zamani. Kuma a ƙasar da kuɗin mai raino ke cinye albashi, ya fi kowa sanin darajar zuwan Hajiya. Shirunsa ba lallai rowa ba ne. Yana iya yiwuwa shi ma nauyi yake ji, kada ya ce zai biya ku ɗauka ya raina ku. Kowa ya yi shiru don kunya, fili kuma ya tafi a banza.

Ka kira ƙanwarka, ba Hajiya a kusa. Ka gaya mata adadin, ka gaya mata abin da za ka iya ba tare da ka sayar da komai ba, ka ce su duba nasu. Ba sai ya ɗauke duka ba. Shi ma sabon uba ne mai haya da haraji a kansa. In ya ɗauki rabi, kai da sauran 'yan'uwa kuka haɗa rabi, an gama. Shi mai karɓar fam, abin da ya zame maka dutse a naira ba haka yake a hannunsa ba. Zai ma iya saye daga can da katinsa a shafin kamfanin, ku gwada farashin fam da na naira ku ga wanne ya fi. Sai dai wasu kamfanoni kan nemi ganin katin da aka biya da shi wurin awon kaya, don haka ya tambaye su tun da wuri yadda za a tantance, kada a tsayar da Hajiya a Abuja kan katin da ke Manchester.

Fili a Rigachikun kuwa kullum gaba yake yi, tikiti kuma wata biyu ya zama takardar banza. In ta kama dole ka nemi ɗaukar farko a adashin ofis.

Kada a biya tikiti kafin biza ta fito. Su kansu mahukuntan Birtaniya ba sa buƙatar ka saya kafin su yanke hukunci. Ana iya nema tun saura wata uku tafiya, amsa kan zo cikin kamar mako uku, amma lokacin ɗalibai layi kan yi tsawo. In ba a kammala cike takardun ba, wannan makon za a yi, don ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kowane mako da biza ta makara wani kashin kujerun araha ne ke ƙarewa. Tana fitowa ku saya a ranar. Ku ɗauki wanda ake iya sauya wa rana ko da ya ɗara da kaɗan; mai jego ba a yi mata alƙawarin rana, kuma na tabbata sai an roƙi Hajiya ta ƙara mako biyu.

Ka dubi kaya kafin ka yi murnar farashi. Mafi arahar tikiti wani lokacin akwati ɗaya ne, wani ma babu, alhali na sama da shi kaɗan yana da biyu masu kilo 23 kowanne. Hajiyar da za ta wankan jego ba ta tafiya da akwati ɗaya. Yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, garin kunu, turaren wuta, atamfofin da dangi za su yi ta kawowa har daren tafiya, duk suna da nauyi, kuma kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi da dala ake yanka shi. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa a bar su a Kaduna, Birtaniya ba ta yarda a shigo da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu ba, ƙwacewa za a yi. Kanwa ma a rage hannu, likitocin asibitin koyarwa na Shika a Zariya sun daɗe suna gargaɗi kan yawan kunun kanwa ga zuciyar mai jego.

Wurin sayen tikitin ka ce a rubuta mata keken tura marasa ƙarfi. Kyauta ne, kuma ya wuce maganar gwiwa: ma'aikaci ne zai ɗauke ta daga bakin wannan jirgi ya bi da ita duk layukan bincike ya ajiye ta a bakin wancan, ba sai ta karanta allo ko ta tambayi kowa da Turanci ba. In ta ce ita ba gurguwa ba ce, ka tuna mata tsawon filin Jidda. Ku tafi Abuja tun ana gobe, ko ta jirgin ƙasa daga Rigasa ko ta mota da rana, ku kwana can, don wanda ya rasa jirgin tafiya ba tare da ya sanar ba, na dawowa ma sokewa ake yi. Magungunanta su zauna a jakar hannu. Sannan ka sami takarda ka rubuta da manyan baƙaƙe sunan ƙanwarka, adireshinsu, lambar wayar mijinta, ranar dawowa, da layi ɗaya na Turanci mai cewa Hausa take ji, ka sa a cikin fasfo ɗin. Wayarta tana iya mutuwa a Doha.